Shunin da Ya Rage a Bayan Sama'ilu Tela

In ka ce wa tsofaffin Kazaure Sama'ilu tela, sai sun tambaye ka wanne, don teloli uku ne masu wannan suna a bakin kasuwa. Amma in ka ce Sama'ilu Mai Shuni, za su yi murmushi, su gyara zama, su ba ka labarin wata Buzuwa da ba wanda ya taɓa sa ta a ido. Shekara talatin ana ba da labarin nan a gabansa, yana taka kekensa, bai taɓa ɗaga kai ya ce ba haka aka yi ba. Ba haka aka yi ba kuwa.

Bafulatanin gida ne. Iyayensa daga ƙasar Roni suka shigo bayan ciwo ya cinye musu shanu, uban ya kama noma a gindin duwatsu, shi kuma aka kai shi koyon ɗinki. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, hularsa kullum a daidai, sahun farko ba ya wuce shi. A shekarar da aka sami mulkin kai ya auri Rahamatu, 'yar Gwiwa, mace mai kaifin baki da tsabtar tukunya. Suka haifi Fatu, suka haifi namiji, Abu. Maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba, sai dai faɗan gishiri ya yi yawa a miya.

Abin da ke cin sa ya faro tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Watan azumi ne, yaran unguwa za su fita tashe, aka rasa wanda zai fito a matsayin mace, sai aka kama shi aka ɗaura masa zanen yayarsa da kallabi. Aka zaga gidaje, aka sha dariya, aka sami gero. Da aka tashi, kowa ya yar da gemun audugarsa da tsummansa ya tafi. Shi kaɗai ya tsaya bayan danga, hannunsa a kan ɗaurin zanen, ya kasa kwancewa. Wani irin sanyi ya ji a ƙirjinsa, irin wanda mutum ke ji in ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Tun daga ranar abin bai bar shi ba.

Ba ya son zaman 'yan daudun tasha masu soya nama, in ya gan su ma sauya hanya yake yi. Ba ya karya murya, ba ya sha'awar kowa sai matarsa. Zanen ne kawai. In ya yi wata biyu bai ɗaura ba, sai ya fara karya allura, ya ɗinka aljihu a baibai, ya yi wa Abu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. In ya sami gida ba kowa, ya ja tsohon zanen Rahamatu daga igiya ya ɗaura, ya zauna a kujerarta ta tsakar ɗaki na ɗan lokaci, sai ya fito kamar wanda aka cire wa ƙaya. Daga nan kuma sai kunya ta taso, ta kwana uku tana dafa shi.

Ba irin ƙoƙarin da bai yi ba. Ya ji abin da malamai ke faɗa a wurin karatu game da namijin da ke sa tufafin mata, kuma bai taɓa musu a ransa ba. Ya yi azumin Litinin da Alhamis shekara biyu. Ya rantse sau huɗu, ya yi kaffara sau huɗu. Ya taka har Roni wurin wani malami, ya ce waswasi ke damunsa, malamin ya tambaye shi na me, ya ce na komai da komai. Aka ba shi rubutu cikin kwalba ya shanye tas. Har ɗinkin mata ya daina karɓa, a daidai lokacin da kuɗi suka fara shigowa gari, matan ma'aikata suna neman mai yi musu rigunan atamfa. Rahamatu ta yi ta mita.

"Malam, kowa yana tara kuɗi da ɗinkin mata, kai kana korar su. Sun zage ka ne?"

"Surutu gare su."

"Kuɗinsu ma surutu yake yi?"

Ya yi shiru. Shirunsa ta fi tsana a duniya, shi kuma ba shi da abin da ya fi shi.

A ƙasan adudun Rahamatu akwai turkudi, baƙin yadin nan da ake turawa da shuni a buge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Na mahaifiyarta ne, Inno, wadda ta sayar da karsana ta saye shi, ta rasu ba ta ɗaura ba. Yana naɗe cikin takardarsa yadda ya fito daga hannun mabuga. Sau ɗaya a shekara Rahamatu ke buɗe bakin takardar, ta leƙa, ta mayar. Ta ce ranar da za a kai Fatu ɗakin miji za a warware shi. Sama'ilu ya san inda yake kamar yadda mai ciwon haƙori ya san haƙorin. Shekara goma sha uku yana kewaye adudun nan.

Sai bazarar shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira. Damina biyu ba ta yi kirki ba, rijiyoyi sun ja baya, Buzaye sun gangaro daga arewa ta Babura da 'yan raƙuman da suka rage musu, sun kafa bukkoki a bayan gari. A cikin wannan zafi aka aiko daga Gwiwa cewa matar ƙanen Rahamatu ta sauka. Ta kwashi yara ta tafi suna, ta ce kwana uku za ta yi.

Rana ta biyu, bayan azahar, Sama'ilu ya rufe keke ya dawo gida. Wata uku ke nan yana riƙe da kansa. Ya sa sakata a ƙofar zaure, ya shiga ɗaki, ya duba igiya. Ba komai a kanta, ta wanke ta ninke ta zuba a adudu. Ya buɗe adudun da niyyar ɗaukar na sama. Hannunsa ya wuce na sama, ya wuce na tsakiya.

Ya ce wa kansa dubawa kawai zai yi. Da ya warware, yadin ya yi ƙara kamar busasshen ganye, ɗakin ya cika da ƙanshin shuni. Ya tuɓe riga. Ya ɗaura shi a ƙirji yadda take yi in za ta shiga wanka, ya ɗauki kallabinta ya ɗaura, ya jingina ɗan madubinta a jikin tulu, ya zauna. Madubin bai fi tafin hannu ba, sai dai ya ga kafaɗa, ya karkata ya ga gefen fuska. Bai yi komai ba. Zama kawai ya yi, hannuwansa a kan gwiwa, yana jin numfashinsa yana sauka. Bai san lokaci ya tafi ba sai da ladan ya kira la'asar.

Tela ne, ya fi kowa sanin turkudi yana zuba. Abin da bai lissafa ba shi ne gumin bazara a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga. Da ya kwance zanen, daga hammatarsa zuwa gwiwa ya zama shuɗi kamar an tsoma shi a karofin masu rini. Yadin kuwa ya yi laushi, ƙyallin ya mutu, ga taswirar gumi fara-fara a tsakiya.

Ya ja guga biyu na ruwan da ake tattali, ya shiga bayan gida da soso da sabulun salo. Ya dirji ƙirji, ya dirji ciki da cinyoyi har fata ta yi zafi. Ya kai hannu baya iyakar inda hannu ke kaiwa. Ya duba duk inda ido ke gani, ya ga ya fita. Ya ninke yadin bisa tsohon karinsa, ya mayar cikin takarda, ya ce in ta dawo ya nemi dalilin zuwa Kano ya kai wa mabuga su sake buge shi.

Washegari ranar kasuwa ce, kuma ranar da ya yi da Mele wanzami zai yi masa ƙaho, kamar yadda suke yi duk shekara in zafi ya shigo. Mele Babarbare ne, gajere mai ƙaton ciki, yana aiki a ƙarƙashin wata tsamiya inda masu jiran aski ke zama a kan gungume. Shi da Sama'ilu ba sa haɗuwa ba su taɓa wasan Barebari da Fulani ba.

"Bawana ya iso," in ji Mele. "Tuɓe. Jinin Fillo ba yawa gare shi ba, ƙaho biyu ya ishe ka, kar ka faɗi a ce na kashe wa mutane tela."

"Yi aikinka, Babarbare. Kakanka ma aikin da ya yi wa kakana ke nan."

Ya cire riga ya juya baya ya zauna a tabarma. Mele ya buɗe zabira, ya ɗauko aska, sai kuma aka ji shi shiru. Mele ba ya shiru. Ya lashi yatsa, ya goga a tsakanin kafaɗun Sama'ilu, ya ɗaga yatsan sama yana nuna wa na kan gungume.

"Jama'a, ku taya ni gani. Ni dai tun da nake, ban taɓa ganin Bafulatani ya nuna irin ta ɗinya ba."

Aka matso. Sama'ilu ya ji iska tana taɓa wurin da aka lasa.

"Mene ne?" ya ce.

"Kai za a tambaya. Shuni ne, faɗin faifai, a inda hannunka ba ya kaiwa. Ka wanke gaba ka manta baya." Mele ya sunkuyo, ya rage murya yadda kowa zai ji. "Wa ta shimfiɗa maka turkudi, bawana? Na san dai uwar Abu tana Gwiwa tun shekaranjiya, a gabana ta hau mota."

"Kayan wani na jingina da su."

"Ba riga? Da tsakar rana? Kayan nan suna da suna?"

Wani mai jiran aski ya ce ai matan Buzayen bayan gari ba sa ɗaura komai sai baƙi. Shi ke nan. Kafin Mele ya gama tsaga, an riga an san tsawonta da hasken fatarta, wani ma ya ce ya taɓa ganinta tana tambayar rumfar tela. Sama'ilu yana zaune da ƙaho biyu a baya, ba halin tashi, yana kallon ƙasa. Abin da ya fi ba shi haushi, muryoyinsu ba na tsana ba ne. Har da wanda ya dafa kafaɗarsa.

Rahamatu ta dawo da hantsin rana ta huɗu. Ba ta kai ga sauke kaya ba maƙwabciyarta Saude ta leƙo ta katanga ta yi mata sannu da zuwa, ta ƙara da abin da ya sawwaƙa na labarin Buzuwa. Da Sama'ilu ya shigo cin abincin rana, ya tarar an aika yara gidan Saude, adudu a buɗe, turkudin a shimfiɗe a kan gado. Tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba.

"Malam, wace ce?"

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ban tambaye ka don me ba. Maza kuna da dalilanku, ba sa ƙarewa. Wace ce ka kawo ɗakina, ka buɗe mata adudun uwata?"

"Ba wadda ta shigo ɗakin nan."

"Ka iya dafa Alƙur'ani?"

Ya yi alwala, ya ɗauko shi daga gafaka, ya dafa. Ya rantse ba wata mace da ta taka gidan tun fitarta, ba kuma wadda ya kusanta a waje. Muryarsa ba ta yi rawa ba, don gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, ta dubi yadin.

"To wa ya ɗaura? Aljani?"

Bakinsa ya buɗe. Kalma biyu ce, yana jin su a kan harshensa. Ya tuna Abu, ya tuna sahun farko, ya tuna yadda za ta dube shi gobe da safe in ta kawo masa koko. Ya rufe bakin.

"Neman mata zan iya haƙuri da shi," ta ce a hankali. "Amma mutumin da zai dafa Littafi ya yi ƙarya, ina jin tsoron kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da shi."

Ta ninke turkudin ta sa a ƙullin kayanta. Motar da ta kawo ta ita ta mayar da ita da yaran Gwiwa, gidan kawunta, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta.

Kwana arba'in ta yi. A cikinsu Sama'ilu ya je biko sau biyu, ya aika limamin unguwa sau ɗaya. Kawu dattijo ne mai sauƙin kai, yana zaune a kan buzu a inuwar rumbu, yana tufka igiyar shanu. Sama'ilu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Kawu, na zo ne a taya ni ba ta haƙuri."

"Na ba ta, Sama'ilu. Na ce mata ba a kanta aka fara ba. Abu ɗaya ta riƙe, ka faɗi sunan matar. Ni ma ban ga wahalar wannan ba. In 'yar mutunci ce, ka aure ta, ni zan shige maka gaba. In ba ta aure ba ce, ka tuba, mu shafa fatiha. Ko a kunnena ka faɗa."

"Ba kowa, Kawu."

"To shunin fa?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai.

"Ka ga irinta," in ji Kawu, ya ci gaba da tufka.

A hanyar dawowa, a bayan a-kori-kura cikin buhunan dusa, Sama'ilu ya riƙa cizon leɓe. Kowa ya shirya yafe masa laifin da bai yi ba. Kawu zai yafe, liman zai yafe, 'yan tsamiya ma sun ƙara masa girma. Da zai ƙirƙiro suna, ya ce wata Buzuwa ce ta riga ta koma arewa, da jibi Rahamatu tana tsakar gidansa tana daka. Amma ya riga ya dafa Alƙur'ani. In ya ba da suna yanzu, ya tabbatar mata rantsuwar ƙarya ya yi, ya kuma ɗora wa wata baiwar Allah ƙazafi, ko da ba ta da fuska. In ya faɗi gaskiya kuwa, bai san abin da zai rage masa ba.

Gidan ya yi masa faɗi. Ga adudu ta bari, ga zannuwa a ciki, ba mai hana shi. Ko kallon wajen ba ya iya yi. Ya rame, ya ɓata wa wani malamin makaranta yadin kaftani, ya yanka hannu biyu duk na hagu. Mele ya zo rumfa da kansa, ya zauna a kan benci, wannan karon ba dariya.

"Bawana, bakina ne ya ja maka. Da na sani da na rufa maka riga. Amma kai ma ka cika taurin kai. Faɗi sunan mana, mace ce fa, ba sarki ba."

"Tashi ka ba ni wuri, Mele."

"Ka ga, ko Babarbare ba ka ce ba. Lallai abin ya kai."

Rana ta talatin da tara Kawu ya aiko. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ruwa ya sauka kowa gona zai nufa, ba mai lokacin zaman sulhu. Ko dai Sama'ilu ya zo da suna, ko ya zo da takardarta.

Washegari ya isa Gwiwa da hantsi. Ya roƙi Kawu a bar shi ya gan ta su biyu. Aka ce tana bayan gida wajen turken awaki. Ya same ta a tsugune tana ɓarzar dusa a ƙwarya. Ba ta ɗago ba.

"Ka kawo?"

"Wanne?"

"Ko wanne. Na gaji, Malam."

Ya tsuguna nesa kaɗan. Wata akuya ta zo tana shinshinar gefen rigarsa, ya ture ta, ta dawo.

"Rahamatu, rantsuwar da na yi gaskiya ce."

"To mun koma gidan jiya."

"Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni na ɗaura."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta jira ya yi tasa. Bai yi ba. Sai ya ci gaba, idonsa a kan kashin awaki, muryarsa kamar mai karanta wasiƙar wani. Ya faɗa mata tashe, ya faɗa mata zanen igiya, da azumin, da rubutun Roni, da dalilin korar ɗinkin mata. Bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba tun da aka ɗaura musu aure.

"Zanena mai ganyen rogo," ta ce. "Wanda nake cewa ya buɗe a gefe."

"Shi ne."

"Na doki Fatu a kan zanen nan."

Ya runtse ido.

"Ɗan daudu na aura ke nan, shekara goma sha uku?"

"A'a. Wallahi a'a. Ban taɓa fita da shi ko zaure ba. Ba na son kowa, ba na son zama kowa. In na ɗaura ne kawai nake jin... in na ɗaura sai hayaniyar kaina ta kwanta."

"Ni ban isa in kwantar maka da ita ba."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

"Ban sani ba, Rahamatu. Da na sani da na kashe shi tuntuni."

Ta miƙe, ta kakkaɓe hannu, ta shiga bukka, ta fito da turkudin. Ta jefa masa a cinya.

"Shinshina."

Ya kai hanci.

"Kwana arba'in ina shinshinar yadin nan ina neman warin mace. Ba man shanu, ba turare, ba hayaƙin murhu. Man keke kawai nake ji. Na ce wa kaina ai a jikinka ta kwasa." Ta karɓe abinta. "Da ma macen ce, Malam. Da na san abin da zan yi. In je in ja gashinta, a raba mu, a ba ni haƙuri, mata su zo su taya ni zagi. Wannan wa zan kai wa? Saude? Kawu? In ce musu me?"

Ta daɗe tsaye tana kallon gabas inda hadarin yake.

"Kuma duk zannuwan da ke adudun nan, sai na Inno."

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne ka taka ƙwarya. Tashi mu je."

A gaban Kawu ta durƙusa, ta ce ya faɗi sunan, kuma ita kaɗai za ta riƙe shi. Kawu ya ce madalla, haka manyan mata ke yi, ya shafa fatiha, ya ja Sama'ilu gefe ya ce masa ya bar bin baƙin da ba a san asalinsu ba. Sama'ilu ya ce to, Kawu. Da yamma suka hau mota da yara. Ruwan farko ya same su a hanya.

Sharuɗɗanta uku ne, a tsakar ɗaki ta faɗe su tana kunce kaya. Adudu za a sa masa kwado, mabuɗi a ƙugunta. Yara ba za su taɓa sani ba. Ita kuma kar ya kuskura idonta ya gani. Ya ce ya ma daina gaba ɗaya. Ta ce Allah ya sa, da muryar da take amsa wa mai tallan da ya ce gobe zai kawo canji.

Ya yi wata biyar bai ɗaura ba. Ya koma karɓar ɗinkin mata, tun da ba sauran abin ɓoyewa a gida, kuma shekarun nan kuɗin fetur sun sa kowace mace tana son sabon ɗinki duk sati. Sunan Mai Shuni ya bi shi, har ya fi nasa tashi, mata suna aiko da yadi suna cewa a kai wa Mai Shuni. A wata na shida allurai suka fara karyewa. Ya daka wa Abu tsawa don ya zubar da ruwan buta. Ya zauna gaban tuwo ya kasa ci. Rahamatu tana kallonsa ta gefen ido kwana huɗu.

Ranar Talata bayan azahar ta tura yara makarantar allo, ta buɗe kwado, ta ciro wani tsohon zanen atamfa da ya koɗe, ta wurga shi kan gado ba tare da ta dube shi ba.

"Ga tsumma nan, ka goge kekenka. Wannan ba ya zuba."

Ta ɗauki mayafi.

"Zan shiga wurin Saude kitso. Kaina da yawa, za a daɗe. In na dawo zan yi sallama daga zaure, sai ka amsa zan shigo."

Haka suka yi shekara ashirin da wani abu. Ba kowace Talata ba, sai in ta ga alluran sun fara karyewa. Ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba, ba ta kuma taɓa daina jin haushinsa ba. In sun yi faɗa a kan kuɗin cefane ko a kan Abu, takan rufe da cewa a tambayi adudun Inno, yara su ɗauka maganar Buzuwa take. Ranar da aka kai Fatu, turkudin ya tafi cikin kaya. An kai shi Kano an sake bugawa, amma ƙyallin bai dawo kamar da ba, kuma duk matar da ta ɗaga shi a wurin ganin kaya ta san labarin da za ta ba ta kusa da ita. Rahamatu ta zauna a cikinsu ta haɗiye.

Shi kuwa abu ɗaya ya so bai samu ba. Sau ɗaya, bayan sun manyanta, gemunsa ya yi fari, ta ɗauki mayafi za ta fita, ya ce mata daga bakin gado:

"Da za ki zauna yau. Ba sai kin ce komai ba. Zama kawai."

Ta tsaya, bayanta gare shi, hannunta a kan labule.

"Malam, na riƙe maka suna a gaban Kawu, na riƙe maka a gaban gari. Kar ka ƙara mini kaya."

Ta fita. Ya ji ta ja ƙofar zaure, ya ji muryarta a waje tana gaisawa da Mele, wanda ya tsufa har ya daina aski amma bai daina tsokana ba, yana tambayarta ko bawansa yana ciki. Ta ce yana ciki, barci yake, kar a tashe shi. Sama'ilu ya tashi ya sa sakata, ya dawo ya ɗauki zanen daga kan gado.